Rashin Haihuwa: A Je Asibiti Tare, A Je Da Wuri

Duk wanda ya zauna a Kilomita Biyar ya san yadda ranar suna take. Tun da sassafe an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, liman ya iso, an raba goro da dabino, an yanka rago, an sanar da sunan jariri. A cikin gida kuwa mata sun ɗora tukwane. To, a kusan kowane irin wannan taro akwai wata mace guda wadda ta fi kowa aiki, ita ce a bakin murhu, ita ce wajen wanke-wanke, amma ba ta cika zama a ɗakin mai jego ba, domin ta san da zarar ta zauna wata za ta ce mata, "Saura ke, Allah Ya kawo rabo," wata kuma ta yi habaicin da ya fi wannan zafi. Shekara bakwai ko goma ke nan da aurenta, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Mijinta yana waje cikin maza yana cin goro, ba wanda ya ko dube shi.

A kan wannan mata da wannan miji muke so mu yi magana a wannan wata. Abin da ya tunzura mu kuwa shi ne labarin wani abokinmu ɗan kasuwa. Ya yi shekara shida da uwargidansa shiru. Mahaifiyarsa ta matsa, ya ƙara aure, nan ma shiru. Daga baya ya saki uwargidan, rikicin 2014 ya kore ta tare da danginta zuwa Garwa-Bulai a bakin iyakar Kamaru, can ta yi wani aure, kafin shekara huɗu ta haifi 'ya'ya biyu. Da labari ya iso masa, sai ya same mu bayan sallar isha'i, ya daɗe yana kame-kame, sa'an nan ya ce, "Malam, ashe dai matsalar nan tawa ce?" Shekara goma sha biyu ya ɗauka kafin ya yi wa kansa wannan tambaya, alhali gwajin da zai ba shi amsa bai kai kuɗin ragon suna ba.

MENE NE RASHIN HAIHUWA?

A wurin likitoci, ana cewa ma'aurata suna da matsalar haihuwa idan suka yi wata goma sha biyu suna saduwa a kai a kai, ba tare da wata dabarar hana ɗaukar ciki ba, amma ciki bai samu ba. An sa wannan iyaka ne domin cikin ma'aurata 100, kimanin 85 kan samu ciki a shekarar farko, kuma wajen rabin waɗanda suka saura kan samu a shekara ta biyu ba tare da wani magani ba. Saboda haka amaryar da ta yi wata huɗu ko biyar ba ta da laifin kome, kuma bai kamata a fara ɗura mata jiƙe-jiƙe ba. Amma idan mace ta wuce shekara 35, wata shida kawai za a jira, domin ƙwan mace yana raguwa, kuma ingancinsa yana sauka, gwargwadon yadda shekaru suke ja.

A lura da kalmar nan "a kai a kai". Da yawa daga mazanmu direbobi ne ko fatake a kan hanyar Bangi zuwa Duwala, wasu kuma suna can wajen Barbarati ko Biriya wurin harkar lu'ulu'u. Ƙwan mace yana fita sau ɗaya ne a wata, kimanin kwana 14 kafin zuwan al'ada ta gaba, kuma ba ya wuce yini ɗaya da rai. Maniyyi kuwa yana iya rayuwa har kwana biyar a jikinta. Watau kwanakin ɗaukar ciki ba su wuce shida a wata ba. Mijin da yake kwana uku a gida ya koma hanya yana iya shekara biyu bai dace da waɗannan kwanaki ba, su duka biyu kuwa lafiyarsu ƙalau.

Matsalar iri biyu ce. Akwai wadda ba ta taɓa ɗaukar ciki ba, akwai kuma wadda ta haifi ɗaya ko biyu, ko ta yi ɓari, sa'an nan haihuwar ta tsaya cik. A cikin watan Afrilu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya yakan gamu da wannan matsala a wani lokaci na rayuwarsa, kuma kusan babu bambanci tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta. Inda bambancin yake shi ne wajen musabbabi, kuma a nan ne tarihin ƙasar nan da muke zaune yake da abin da zai koya mana.

ABIN DA YA FARU A ƘASAR NZAKARA

A zamanin mulkin Faransa, masu ƙidayar jama'a sun lura da wani abu mai ban tsoro a wani yanki mai faɗi da ya taso daga Gabon da kudancin Kamaru, ya ratsa ƙasar nan da arewacin Kwango, har kudancin Sudan. A wasu gundumomi na wannan yanki, mace ɗaya cikin uku, ko ma fiye da haka, takan tsufa ba ta taɓa haihuwa ba, alhali a inda babu cuta adadin bai cika wuce uku cikin ɗari ba. Ƙauyuka suka riƙa shanyewa, tsofaffi sun fi yara yawa.

Daga ƙarshen shekarun 1950 wata likita Bafaransa mai suna Anne Retel-Laurentin ta zauna cikin ƙabilar Nzakara a yankin Bangasu, gabashin ƙasar nan, tana duba mata da maza, tana tambayar tarihin aurensu da na cikinsu. Mutanen wurin suna ɗora abin a kan maita da fushin kakanni, wasu Turawa kuma suna cewa halittar ƙabilar ce haka. Abin da ta gano, ta kuma wallafa a littattafanta na 1974 da 1979, shi ne cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa ne ummul'aba'isin lamarin: ciwon sanyi yana toshe hanyar ƙwai, tunjere kuma yana kashe ɗan tayi a ciki. Da allurar penisilin da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta suka yaɗu a Afirka ta tsakiya, sai yawan matan da ba su taɓa haihuwa ba ya yi ƙasa ƙwarai.

Wani babban bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar tsakanin 1979 da 1984, a kan dubban ma'aurata a ƙasashe 25, ya ƙarfafa wannan magana. Cikin matan Afirka da aka duba, kashi 49 cikin 100 hanyoyin ƙwansu duka biyu a toshe suke, a ƙasashen Turai da makamantansu kuwa kashi 11 ne kawai. Har ila yau, a shekara ta 2000 wata masaniya mai suna Ulla Larsen ta kwatanta ƙasashen Afirka 28, ta tarar cewa wajen tsayawar haihuwa bayan an fara, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ce a kan gaba da kashi 23 cikin 100 na mata 'yan shekara 20 zuwa 44, alhali a Togo kashi 5 ne.

Mu Hausawan Bangi ruwa ɗaya muke sha da maƙwabtanmu, asibiti ɗaya muke zuwa, don haka wannan lissafi ya shafe mu. Kuma akwai abin farin ciki a cikinsa: mafi yawan rashin haihuwar da ke damun matanmu daga cuta yake tasowa, cuta kuwa ana iya kauce mata, ana iya maganinta idan an tare ta da wuri.

INDA AKE SAMUN CIKAS A JIKIN MACE

A kowane gefe na mahaifa akwai jakar ƙwai, kuma akwai wani siririn bututu da ya taso daga mahaifa zuwa gare ta. A cikin wannan bututu ne maniyyi yake haɗuwa da ƙwai, daga nan abin da aka haɗa ya gangaro cikin mahaifa ya maƙale. Ramin bututun, a inda ya fi ƙunci, bai fi kaurin zare ba, shi ya sa ƙaramin tabo ya isa ya rufe shi.

Abubuwan da ke jawo wannan tabo sanannu ne. Na farko shi ne ciwon sanyi na gaskiya, watau wanda ake ɗauka wajen saduwa, da wata 'yar'uwarsa da likitoci ke kira kilamidiya. Sharrin kilamidiya shi ne mafi yawan matan da ke ɗauke da ita ba sa jin kome, tana can tana ɓarna a ɓoye shekara da shekaru. Na biyu shi ne ƙwayoyin cutar da ke shiga bayan haihuwa, ko bayan ɓarin da ba a wanke da kyau ba, ko zubar da ciki a ɓoye. A nan dole mu tuna da 2014 da 2015, lokacin da fita daga unguwar nan ke iya zama sanadin ran mutum. Mata da yawa sun haihu a ɗaka ba ungozomar asibiti, wasu sun yi zazzaɓi mai zafi da ciwon mara a cikin jego ba magani, wasu kuma an ci zarafinsu suka rufe bakinsu saboda kunya. Duk wadda haihuwarta ta tsaya tun daga waɗancan shekaru, ya kamata ta gaya wa likita wannan tarihi filla-filla. Na uku akwai tsargiya, wadda ake ɗauka wajen wanka da wanki a rafi ko kududdufi. Mun saba ganinta a matsayin fitsarin jini na yara maza, alhali tana taɓa mahaifa da bututunta. Tarin fuka ma yana iya sauka can.

Bayan toshewar hanya, sai rashin fitar ƙwai. Alamarsa ita ce al'ada mai rikici, wadda takan yi wata biyu ko uku ba ta zo ba. Sau da yawa yana tafiya da ƙiba, da ƙuraje a fuska, da gashi a haɓa. Wani lokaci kuma mace takan ga ruwan nono alhali ba ta shayarwa, wanda ke nuna wani sinadari na jiki ya yi yawa. Sai kuma ƙarin mahaifa, wanda likitoci ke rubutawa fibrome da Faransanci. Yana da yawa a tsakanin matan Afirka, kuma mata da dama suna haihuwa lafiya da shi, sai wanda ya tsiro ta cikin mahaifa ko ya danne bututu ne yake hana ciki.

Ƙwayoyin tsarin iyali, waɗanda ake yawan zargi, ba sa mayar da mace juya. Allurar wata uku ce kawai takan sa a yi jinkiri bayan an daina, wani lokaci har wajen shekara guda, sa'an nan haihuwa ta dawo.

ƁANGAREN MAZA

A kusan rabin gidajen da ake fama da rashin haihuwa, akwai hannun namiji a ciki, ko shi kaɗai ko tare da matar. Babban kuskurenmu shi ne haɗa ƙarfin namiji a shimfiɗa da iya haihuwa. Abu biyu ne daban. Mutum yana iya zama lafiyayye ta kowace fuska, yana fitar da ruwa kamar kowa, amma idan aka sa ruwan a madubin likita sai a ga ƙwayoyin haihuwar kaɗan ne, ko ba sa motsi, ko babu su sam. Bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ana son a samu aƙalla ƙwaya miliyan 16 a kowace mililita ɗaya, kuma kashi 42 cikin 100 su zama masu motsi. Ido ba ya ganin wannan, kauri ko yawan ruwa ba ya nuna shi.

Ciwon sanyin da mutum ya yi yana saurayi, ya sayi 'yan ƙwayoyi wurin mai tebur ya sha na kwana biyu, zafin fitsari ya lafa ya ɗauka ya warke, yana iya toshe masa hanyar maniyyi. Hangum, idan ya kama namiji bayan balaga ya sauka a maraina, yana iya lalata su. Akwai kumburin jijiyoyin maraina, wanda aka fi samu a gefen hagu, yana ɗumama wurin ya rage ƙwayoyin. Taba da giya suna ragewa, haka ma tiramadol da ya addabi samarinmu. Abin mamaki kuma, allurar sinadarin maza da wasu ke yi don ƙarin ƙarfi tana iya tsayar da ƙera maniyyi gaba ɗaya muddin ana yin ta.

Abokinmu da muka ambata ya daure ya je. Aka sami kumburin jijiyoyi da ragowar tsohon ciwon sanyi. Aka ba shi magani shi da matarsa, aka yi masa ƙaramin aiki, aka ce ya jira, domin jiki yana ɗaukar kusan wata biyu da rabi kafin ya ƙera sabon maniyyi. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni muka ci goron suna a gidansa. Amma har yau idan zancen uwargidan da ya saki ya taso, sai ya sunkuyar da kai ya ce ya ɗauki alhakinta.

ABIN DA ZA A TARAR A ASIBITI

Ana iya farawa daga asibitin unguwa, kamar na Mamadou M'Baïki, a nemi a tura mutum wurin likitan mata a manyan asibitoci irin su Communautaire ko Amitié. A je tare, kuma idan mata biyu ne ko uku a gidan, a gaya wa likita, domin idan aka sami cuta dole a yi wa miji da dukan matansa magani a lokaci ɗaya. In ba haka ba, wadda aka warkar yau za ta sake ɗauka ranar girkinta.

Gwajin miji ya kamata a fara yi, domin shi ya fi sauƙi da araha, ba allura ba ciwo. A takarda likita zai rubuta spermogramme. Ana ƙaurace wa iyali na kwana biyu zuwa bakwai, a kai ruwan ɗakin gwaji cikin awa ɗaya. Idan sakamakon bai yi kyau ba, kada a yanke ƙauna, sai an maimaita bayan kamar wata uku, domin zazzaɓin cizon sauro mai zafi kaɗai yana iya rage ƙwayoyin na ɗan lokaci.

Ita kuwa matar, likita zai tambayi kwanakin al'adarta, don haka yana da kyau ta riƙa rubuta ranar farawa wata-wata, ko 'yar makaranta ta rubuta mata. Za a gwada jini da ruwan gaba, a yi hoton ciki na ekogarafi don duba mahaifa da jakar ƙwai. Sa'an nan akwai hoton da ake zuba wani ruwa ta bakin mahaifa a ga ko ya wuce ta bututun biyu, ana yin sa bayan ɗaukewar al'ada da 'yan kwanaki. Yana da ɗan ciwo kamar na mara, amma shi ne ke nuna ko hanya a buɗe take. A adana duk takardun a jaka ɗaya, domin kada a biya kuɗin gwaji ɗaya sau biyu. Wani lokaci duk gwaje-gwajen kan fito lafiya, kuma da yawa daga irin waɗannan ma'aurata sukan samu ciki daga baya.

MAGANI HAWA-HAWA NE

Idan cuta ce, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, wanda likita ya zaɓa, a kuma shanye shi duka. Sai dai magani yana kashe cuta ne kawai, ba ya goge tabon da ta riga ta bari, shi ya sa muke ta nanata zuwa da wuri. Idan rashin fitar ƙwai ne, wannan yana cikin waɗanda suka fi jin magani: akwai ƙwayoyi irin su Clomid da letrozole da ake sha kwana biyar a farkon wata, kuma rage ƙiba kaɗan yakan taimaka. Amma shan Clomid barkatai daga kasuwa, kamar yadda wasu mata ke ba juna, ba ya amfanar wadda bututunta ya toshe ko wadda matsalar ta mijinta ce, kuma yana iya kumbura jakar ƙwai. Idan ƙari ne ko kumburin jijiyoyi ko ƙaramar toshewa, akwai aikin tiyata. Wadda aka gyara wa bututu, da zarar ta yi ɓatan wata ta koma asibiti, domin ciki yana iya zama a cikin bututun, wanda ke fashewa ya jawo zubar jini a ciki. Idan ƙwayoyin miji sun yi ɗan ƙaranci, ana iya tace maniyyinsa a sa shi kai tsaye cikin mahaifar matarsa a ranar fitar ƙwai.

Hawa na ƙarshe shi ne abin da jama'a ke kira jaririn kwalba, likitoci kuma suke taƙaitawa FIV da Faransanci. Ana ciro ƙwan mace, a haɗa shi da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, bayan kwana uku zuwa biyar a mayar cikin mahaifarta, ta yi renon cikinta wata tara kamar kowace mace. Ta haka an tsallake bututun da ya toshe. Jaririya ta farko da aka samu ta wannan hanya ita ce Louise Brown, wadda aka haifa ranar 25 ga Yuli, 1978, a Ingila, ta hannun Patrick Steptoe da Robert Edwards. A 1992 likitoci a Beljiyam suka gano yadda za a ɗauki ƙwayar maniyyi guda ɗaya tak a cusa ta cikin ƙwai, abin da ya buɗe ƙofa ga mazan da ƙwayoyinsu suka yi ƙaranci sosai. A 1998 aka sami irin wannan haihuwa a Duwala ta hannun Dokta Ernestine Gwet-Bell da abokan aikinta, a shekarar kuma aka samu a Abuja ta hannun Dokta Ibrahim Wada. A 2016 gwamnatin Kamaru ta buɗe wani asibiti na musamman don wannan aiki a Yawunde.

Wajibi ne mu faɗi gaskiya a kan wannan hanya. Gwaji ɗaya yana haura sefa miliyan ɗaya, ban da kuɗin mota da masauki. Kuma ba tabbas: ga mace 'yar ƙasa da shekara 35, kusan ɗaya cikin uku ne ke dacewa a kowane gwaji, bayan shekara 40 kuwa yana sauka zuwa ɗaya cikin goma ko ƙasa da haka. Wanda zai sayar da fili don wannan, ya tambayi likita ƙarara mene ne rabon mai shekarun matarsa, kuma duk wanda ya yi masa alkawarin ɗari bisa ɗari, ya riƙe aljihunsa.

ME MALAMAI SUKA CE?

Mun sani cewa haihuwa kyauta ce daga Allah, Yana ba wanda Ya so, Yana hana wanda Ya so, kuma Annabi Ibrahim da Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare su, sai da suka tsufa kafin a ba su. Amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya umarce mu da neman magani. Tun a 1980 Shaihu Jadul Haƙƙ Ali Jadul Haƙƙ, wanda a lokacin shi ne Muftin Masar, daga baya kuma ya zama Shaihun Azhar, ya ba da fatawa a kan wannan batu, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke irin wannan hukunci a zamanta na birnin Amman a 1986. Taƙaitaccen abin da suka tsaya a kai shi ne: ya halatta idan ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, mahaifar tata ce, kuma igiyar aure tana nan. Karɓar maniyyi ko ƙwai na wani, ko hayar mahaifar wata, bai halatta ba, saboda kiyaye nasaba. Wanda zai je asibiti a wata ƙasa ya faɗi wannan sharaɗi tun ranar farko.

ABUBUWAN DA KE ƘARA ƁARNA

Addu'a da rubutun sha ba sa hana zuwa asibiti, asibiti ma ba ya hana su. Abin da muke tsoro shi ne shekarun da ke tafiya. Mace takan fara yawon neman magani tana 'yar 24, a ce mata namijin dare ne, gobe a ce kishiya ce ta ɗaure mahaifar, jibi a ce kwantaccen ciki ne da ita wanda zai tashi wata rana, ba ta isa gaban likita ba sai tana 'yar 39, zinarinta da akwatunanta duk sun ƙare. Hoton ciki na minti goma ya isa ya nuna ko akwai ciki ko babu.

Muna roƙon iyayenmu mata a daina cusa kanwa da sassaƙe da sauran haɗe-haɗe a gaba, domin suna ƙona fata su bar tabon da zai rufe bakin mahaifa. Yankan gishiri da wasu wanzamai ke yi da sunan buɗe hanya bai taɓa kawo ciki ba, abin da yake kawowa shi ne zubar jini da yoyon fitsari. Rigakafi kuwa a hannunmu yake: namiji ya tsare kansa a hanya, wanda ya ga alamar ciwo ya je asibiti tare da iyalinsa, a je awon ciki, a haihu a hannun ungozomar asibiti, wadda ta yi ɓari a duba ta, zazzaɓin jego kada ya kwana biyu a gida.

IDAN AN YI DUKA BA A DACE BA

Akwai waɗanda za su bi duk waɗannan matakai amma Allah bai ƙaddara ba. Su ma suna da haƙƙi a kanmu. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ba ta haihu ba, kuma har gobe Uwar Muminai ake kiranta. Al'adarmu ta riƙo tana nan, kuma rikicin da ya wuce ya bar mana marayu a kusan kowane layi na unguwar nan. Mu da muke aji mun san yara da dama waɗanda gwaggo ko inna ta riƙe, suna zuwa makaranta tsaf da littattafansu, sunan mahaifinsu na nan a rajista kamar yadda shari'a ta ce. Ɗa na kowa ne, in ji Hausawa.

Kiranmu na ƙarshe ga iyayen miji da 'yan'uwansa mata ne, domin su ne kan fara maganar ƙarin aure ko saki. Kafin ku ce a kawo wata, ku ce wa ɗanku ya je a gwada shi. Limamanmu kuma su taimaka su faɗi wannan a wa'azi da wajen ɗaurin aure, domin maganar da namiji ba zai karɓa daga bakin matarsa ba zai karɓe ta daga bakin malaminsa. Kai kuma maigida, idan shekara ta zagayo shiru, ka ɗauki matarka ku je tare, ka fara miƙa kanka.

Allah Ya ba masu nema zuriya ɗayyiba, Ya raya mana waɗanda Ya ba mu, amin.